Zan iya ajiye koyarwa in koma aikin ɗaukar hoton asibiti?

"Assalamu alaikum. Shekarata 34, ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, da aurena da yara biyu. Lokacin da na yi jinyar mahaifiyata nakan raka ta ɗakin hoto, tun daga nan aikin ya shiga raina. Ina tunanin ajiye alli in koma karatu in zama mai ɗaukar hoton eksire. Sai dai wasu sun ce min hasken na'urar yana hana haihuwa, yana kawo ciwon daji. Wasu sun ce shekaruna sun ja. Wasu kuma sun ce ai danna maɓalli ne kawai, nan gaba kaɗan kwamfuta za ta karɓe aikin. Don Allah ki ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya saka miki da alheri kan jinyar da kika yi.

Idan na fahimce ki, kina so ki san ko aikin zai cutar da jikinki, ko kin makara, da kuma ko aikin zai ci gaba da wanzuwa bayan kin sha wahalar karatunsa. Zan taɓa duka. Amma tun yanzu in gaya miki, abubuwan da aka tsorata ki da su ba su ne suka fi damuna a kanki ba. Abin da ya fi sa masu canza sana'a su dawo daga rakiyar wannan aiki shi ne shekarun koyon aiki a asibiti, da nauyin taɓa jikin mutanen da ke cikin ciwo kullum. A kan waɗannan zan fi daɗewa.

Abin da muke yi a bayan ƙofar nan

Mutane da yawa suna haɗa mu masu ɗaukar hoto da likitan hoto. Shi likita ne da ya gama karatun likitanci, ya ƙware a karanta hotuna da rubuta sakamako. Mu ne muke samar da hoton da zai karanta. In hoton ya fito a karkace, ko ya yi duhu, ko an yanke gefen huhu, duk ƙwarewarsa ba za ta nuna masa abin da ba ya cikin hoton ba.

Danna maɓallin da aka ce miki shi ne aikin bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Kafin a kai gare shi, kin karanta takardar da likita ya aiko kin gane abin da yake nema. Kin tabbatar wannan mutumin shi ne mai sunan da ke kan takardar. In mace ce da ke cikin shekarun haihuwa, kin tambaye ta cikin sirri ko tana da juna biyu. Kin sa an cire sarƙa da ɗan kunne da duk wani ƙarfe. Sannan ki daidaita jiki. Hoton ƙirji na yau da kullum, mutum yana tsaye ne ƙirjinsa manne da allon ɗaukar hoto, hasken yana shigowa ta baya daga nisan kamar santimita 180, domin kada zuciya ta fito ta fi girmanta na gaskiya. Ki juya masa kafaɗu gaba don allunan kafaɗa su kauce daga kan huhu. Ki ce, "Ja numfashi sosai, riƙe, kar ka motsa." In bai cika huhun da iska ba, hoton zai iya nuna kamar akwai ciwo alhali babu. Ƙashin da ake zargin ya karye kuwa ba a yarda da hoto ɗaya a kansa, sai an ɗauka ta gaba an ɗauka ta gefe, saboda karayar da ta ɓuya ta wannan fuska takan bayyana ta waccan. Sai alamar dama ko hagu da ake ɗorawa a kan kowane hoto. 'Yar ƙaramar aba ce, amma in aka sa ta a inda ba nan ba, ana iya buɗe ƙafar da lafiyarta ƙalau.

Bayan wannan akwai zaɓen ƙarfin hasken da yawansa. Tafin hannun yaro da ƙugun babban mutum mai jiki ba ma'auni ɗaya ake ba su ba. Akwai taƙaita hasken ya tsaya kan sashen da ake bukata kaɗai. Duk hoton da kika ɓata kika sake, kin ƙara wa mara lafiya hasken da bai kamata ya sha ba, shi ya sa muke ɗaukar maimaita hoto da nauyi.

Wannan kuwa duk a kan mara lafiyar da zai iya tsayuwa ya ji magana ne. Littafi yana koya miki yadda ake kwantar da mai lafiya. Wanda za a turo miki kan gadon turawa tsohuwa ce da ƙashin ƙugunta ya karye, in an taɓa yatsan ƙafarta ma ihu take, ko wanda aka kwaso daga haɗarin mota an ɗaure masa wuya, ba a yarda a juya shi ba. A nan ba jikin za ki juya ba, na'urar da allon za ki juya su bi jikin. Wannan shi ne ainihin gwanintar aikin, kuma ba a samunta sai a gefen gado, hannu da hannu da wanda ya riga ki.

Maganar haske da haihuwa

Tsoron da mutane ke yi yana da asali, ba zan raina shi ba. Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske ranar 8 ga Nuwamba, 1895, a garin Würzburg na Jamus, kuma shi aka fara bai wa kyautar Nobel ta fiziks a 1901. A shekarun farko ba a san illarsa ba, ma'aikata suna sa hannunsu a gaban na'ura don gwada ta. Da yawa sun ƙone, sun rasa yatsu, wasu sun mutu. Clarence Dally, mataimakin shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan na Amurka Thomas Edison, ya rasu a 1904 bayan an yanke masa hannaye biyu. Irin waɗannan asarori ne suka sa a 1928 aka kafa kwamitin duniya da daga baya ya zama hukumar ICRP mai kula da kariya daga irin wannan haske, wadda shawarwarinta su ne tushen dokokin kariya a yawancin ƙasashe.

Tun da malamar lissafi ce ke, bari in ba ki alƙaluma. Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. A matsakaici, ɗan Adam yana shan kimanin milisibat 2 zuwa 3 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Hoton ƙirji ɗaya yana bai wa mara lafiya kamar 0.1 ko ƙasa da haka. Iyakar da aka sa wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara idan aka raba a kan shekara biyar, kuma kada ya wuce 50 a shekara guda. Mai ɗaukar hoto na yau da kullum da ke bin ƙa'ida ba ya ko kusantar wannan iyaka. Kowannenmu yana maƙale da ɗan bajo a riga mai auna abin da ya sha, ana karɓa lokaci-lokaci a karanta. A aikina na ɗakin hoto, sau da yawa nawa yakan dawo ba a samu abin rubutawa ba. Adadin da ke iya hana mace haihuwa kuwa dubban milisibat ne a kan ƙwan mahaifa, abin da ba ya faruwa ga wadda take tsaye bayan bangon kariya.

Hasken ba ya zama a ɗaki, ba ya maƙalewa a tufafi, ba za ki kai wa yaranki shi gida ba. Kamar fitila yake, da an kashe shi ke nan. Kariyarmu ta ginu ne kan rage lokacin da kike kusa, da nisanta, da shamaki. Dokar nisa za ta yi miki daɗi: in kin ninka tazarar da ke tsakaninki da tushen hasken sau biyu, abin da ke iso ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shamakin kuma bango ne da gilashi masu dalma, da rigar dalma da abin rufe maƙogwaro.

Inda ake bukatar ƙarin kula shi ne ɗakin tiyata da wuraren da ake kunna hasken ana kallon cikin jiki kai tsaye yayin da likita ke aiki, da kuma lokacin da aka tura na'ura zuwa gadon wanda ba zai iya tasowa ba. A nan babu bango, sai riga da tazara da hankalinki. Kuma ba zan ce miki haɗarin ciwon daji sifili ne ba. Ƙa'idar da muke aiki da ita tana ɗauka cewa kowane ɗan haske yana ƙara haɗari ko yaya ƙanƙantarsa, shi ya sa ake rage shi iya yadda za a iya. Ma'aikaciya da ta samu ciki ba a korarta. Tana sanar da shugabanta, a sake mata tsarin aiki yadda abin da ke cikin ba zai sha fiye da milisibat 1 ba har ta haihu. Na yi aiki da mata da dama da suka yi goyon ciki suna wannan aiki suka sauka lafiya. Ki dai riƙe wannan: duk wurin da aka ɗauke ki aiki babu bajo, rigar dalmar ta tsattsage ba a gwada ta, ƙofar ɗakin ba ta da kariya, to wurin ne matsalar, kuma kina da haƙƙin ki ƙi.

In kin tambaye ni abin da ya fi lahanta ma'aikatanmu, zan ce baya da kafaɗa. Ɗaga marasa lafiya daga gado zuwa tebur, tura na'ura mai nauyi a dogayen barandu, tsayuwar awanni a tiyata da rigar dalma mai nauyin kilo da dama. Sai cututtuka masu yaɗuwa, don mai tarin fuka da ba a riga an gano shi ba wajenmu ake fara turo shi, yana tari a gabanki. Sai aikin dare, domin ɗakin hoton babban asibiti ba ya rufewa.

Karatun, da inda ake tuntuɓe

Tsawon karatun ya danganta da ƙasar da kike. A Amurka yawanci shekara biyu ne na kwaleji, sannan jarrabawar hukumar ARRT mai ba masu ɗaukar hoto shaidar ƙwarewa. A Ingila digiri ne na shekara uku da rajista da hukumar HCPC mai rajistar ma'aikatan lafiya, akwai kuma hanyar shekara biyu ga wanda ya riga ya yi digiri a fannin da ya dace. A Najeriya digiri ne na shekara biyar, da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, da rajista da hukumar masu wannan sana'a. Wasu ƙasashen suna da mataki na ƙasa, na mataimaki ko na mai taƙaitaccen izini, wanda karatunsa ya fi gajarta amma hotunan da aka yarda ya ɗauka ƙididdigaggu ne, hanyar ci gabansa ma ƙunci gare ta. Hukumar ƙasarki ce ke da ta cewa a nan, ba ni ba, ba kuma mai tallar makaranta ba. Ki fara da ita. Ki nemi jerin makarantun da ta amince da su kafin ki cika fom ko ki biya ko sisi. Abin da ya fi ci min rai a wannan fanni shi ne in ga mutum ya sayar da abin hannunsa ya yi kwas na 'yan watanni, ya zo da takarda mai ado, a ce masa ba za a yi masa rajista da ita ba. Mai shekara ashirin zai iya sake lale. Ke da kika bar albashi kika bar yara a gida, ba ki da wannan sararin.

Darussan sun haɗa da ilimin sassan jiki, da yadda jiki ke aiki, da cututtuka, da fiziks na haske, da dabarun daidaita jiki, da kula da mara lafiya. Fiziks shi ke kayar da ɗalibai da yawa, ke kuwa lissafinki zai ɗauke ki. Inda za ki yi gumi shi ne sassan jiki. Ba haddar sunaye kaɗai ake so ba. Ana so ki kalli mutum da fatarsa ki san inda kowane ƙashi yake, ki shafa gefen ƙugu ki san wace gaɓar ƙashin baya ce ke daidai da nan. A wuyan hannu kaɗai akwai ƙananan ƙasusuwa takwas, ɗaya daga cikinsu ya shahara da ɓoye karaya a hoton farko.

Ga kuma inda nake so ki tsaya ki yi lissafi da kyau. Babban kaso na karatun nan a asibiti ake yinsa, da rana, cikakken wuni, mako bayan mako, yawanci ba tare da an biya ki ba. Ba irin karatun da za ki riƙa yi da daddare kina koyarwa da safe ba ne. Darussan share fage za ki iya yinsu kina kan aikinki, kuma shawarata ki yi hakan, kada ki saki reshe tun ba ki kama wani ba. Amma da zarar an shiga zangon asibiti, koyarwa ta tsaya. Wa zai riƙe gida a waɗannan shekaru? Wa zai ɗauko yara ranar da aka riƙe ki? Wannan lissafi ke da maigidanki za ku zauna ku yi shi da takarda da biro, tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin ɗaliban da suka biyo ta hannuna, waɗanda suka bari a tsakiya ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba. Kusan kullum kuɗi ne ko rashin mai taya su riƙon gida.

Shekaru kuwa, 34 ba komai ba ne. Ko da shekara biyar ko shida karatun ya ci, kina da shekara ashirin ko fiye na aiki a gabanki in Allah Ya ba da rai da lafiya. Manyan ɗalibai sukan fi natsuwa da mara lafiya, sun san zafin ciwo da na jinya. Ke kuma kin iya bayani, kin iya lallashin yaron da ya ƙi zama, wanda rabin aikin hoton yara ke nan. Abin da zai yi miki ciwo daban ne. Yau ke ce malama, ana miƙewa in kin shiga aji. Gobe wadda kika girma da shekara goma za ta ce miki hoton nan bai yi ba, a gaban mutane, kuma gaskiyarta. Za ki rasa dogon hutun makaranta. Ranar da kowa ke gida da iyalinsa kina iya kasancewa a bakin aiki. Albashin farawa kuma na sabon shiga ne, shekarunki na koyarwa ba lallai a lissafa miki su ba. Ki tambayi masu aikin a inda kike nawa ake fara biya, kada ki dogara da abin da ake yayatawa.

Kwamfuta da gaben aikin

Aikin ya sha canzawa. Na zamaninmu sun san ɗakin duhu da warin ruwan wankin fim. Yanzu a wurare da yawa hoton yana bayyana a allon kwamfuta cikin daƙiƙoƙi. A 1971 a Landan aka fara ɗaukar mara lafiya da na'urar CT ta injiniya Godfrey Hounsfield, mai nuna cikin jiki yanki-yanki, daga baya na'urar MRI mai aiki da maganaɗisu ta zo. Kowane sabon abu da ya shigo, ƙarin hannu ya nema. Manhajojin da ake magana a kansu yanzu sun fi karkata ga duba hoton da aka riga aka ɗauka, su nuna inda ake zargi. Wasu na'urorin ma suna taimakawa wajen saita kansu. Amma sai an samu mai tayar da tsoho daga keken guragu, mai lura cewa numfashin wannan matar ya canza tun da aka yi mata allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, mai yanke shawarar cewa wannan ba za a kwantar da shi ba. Ba ni da shakka yadda ake aikin zai ci gaba da sauyawa, kuma wanda ya ƙi koyon sabon abu za a bar shi a baya. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga malama.

Hoton eksire na yau da kullum shi ne ƙofar shiga. Daga nan akwai CT, inda aiki ke da sauri kuma hasken da mara lafiya ke sha ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa, don haka alhakin ya fi nauyi. Akwai MRI, wadda babu wannan haske a cikinta sam, sai maganaɗisu mai tsananin ƙarfi da ba ya mutuwa dare da rana, mai iya fizgo tukunyar iskar oksijin daga bakin ƙofa. Akwai sikanin, da ke aiki da sauti. Akwai hoton mama don gano ciwon daji da wuri, kuma a nan ana matuƙar bukatar mata, domin mata da yawa sun gwammace su fasa gwajin da su buɗe jikinsu gaban namiji. Mata sun daɗe a wannan aiki. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, masaniyar kimiyya Marie Curie ta haɗa motoci masu na'urar hoto don kai wa sojojin da suka ji rauni, ta kuma horar da mata su sarrafa su. Akwai kuma koyarwa a makarantun horar da masu hoto, inda sana'arki ta farko za ta dawo ta yi miki rana.

Kafin ki rubuta takardar ajiye aiki

Abin da kika gani lokacin jinyar Mama gefen mai rakiya ne, minti goma a ɗaki mai sanyi. Gani ya kori ji, saboda haka ki nemi izinin shugaban sashen hoto na wani babban asibiti ki zauna da su na 'yan kwanaki a lokacin hutun makaranta. Wurare da dama suna yarda in an bi ta hanyar da ta dace. Ki roƙa a haɗa miki da yamma ko dare a sashen gaggawa, don a nan za ki ga jini da amai da ƙashi a waje, da 'yan'uwan mara lafiya da hankalinsu ya tashi suna ɗaga murya.

Ki lura da kanki a lokacin. Akwai wani nauyi da ba a faɗa a aji: ke ce za ki fara ganin inuwar da ke cikin huhun mutum, kin kuma san abin da take nufi, shi kuwa yana kallon fuskarki yana cewa, "Malama, lafiya dai ko?" Ba hurumin ki ba ne ki faɗa masa sakamako, ba kuma za ki yi masa ƙarya ba. Za ki ce likita zai duba ya yi masa bayani, ki taimaka masa ya sa rigarsa, sannan ki tabbatar hoton ya isa gaban likitan da wuri. In abin na gaggawa ne, kamar huhun da ya saki iska ya lotsa, ba za ki bar shi ya koma layi ba, da kanki za ki je ki kira likita. Sannan ki goge tebur ki kira na gaba da fuska a sake.

In kin fito daga waɗannan kwanaki kin gaji liƙis amma kina son komawa gobe, ni dai zan ce ki shiga, da zuciya ɗaya. Sai ki je makarantar da hukuma ta amince da ita ki yi musu tambayoyi: a waɗanne asibitoci ɗalibansu ke koyon aiki, su ke nema musu gurbi ko ɗalibi ke nema da kansa, ɗalibai nawa ke rabon na'ura ɗaya, nawa ne cikin waɗanda suka gama bara suka samu rajista, kuma ko za a rage miki wasu darussa saboda karatunki na baya. Ki nemi amsar ta ƙarshen a rubuce, domin tana iya rage miki shekara guda cur.